Lissafin Riɗi a Harshen Haskell

A kasuwar amfanin gona ta Gadarif, manomanmu na riɗi ba sa yarda da jimla kawai. Sai an faɗa musu nawa mota ta ci, nawa haraji, nawa dillali. In ba haka ba, ta ina za su gane inda aka cuce su?

Masu tsara manhajar kwamfuta ma haka suke fama. A Haskell, harshen kwamfuta da ya fito a 1990, ana jera ayyuka, kowanne ya miƙa wa na gaba sakamakonsa. Umarnin foldl amsar ƙarshe kaɗai yake ba mu. Shi kuwa scanl, mu ba shi 100, a cire 10, sannan 5, sai ya nuna 100, 90, 85. Sai dai dogon jeri yana cin wuri a ƙwaƙwalwar na'ura.