Ƙarancin Ungozoma Da Rayuwar Jarirai: Darasi Daga Daɗin Kowa

JOS — Asibitin gwamnati na Daɗin Kowa, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, yana daga cikin wuraren da matan yankin ke zuwa awo da haihuwa. A irin wannan asibiti, rayuwar jariri ta fi rataya ga ungozomar da ke bakin aiki lokacin naƙuda fiye da ƙayatar ginin.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 kan rasu kafin su cika wata guda, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ƙwararru suka karɓa. Manyan dalilan mutuwar su ne haihuwar bakwaini, kasa numfashi da shigar ƙwayoyin cuta.

Jaririn da ya fito ba ya numfashi yana bukatar taimako cikin minti guda. Idan ungozoma ɗaya ke kula da mata uku da daddare, minti ɗin kan wuce tana wani gado. Haka kuma ita ke gane naƙudar da ta yi gardama, ta tura mai ciki Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos tun da sauran lokaci.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara a 2009, huɗu ga kowace cibiya domin a yi aiki dare da rana. An raba biyan alawus tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Inda aka kasa biya, ungozomomi da dama suka bar aikin.

Akwai kuma ƙaura. A 2024 hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Ke nan a horar da ma'aikaciya a Vom, asibitin Ingila ya ci moriyarta.

Ga ɗan kasuwa, lissafin a fili yake: jinyar jaririn da ya galabaita kan cinye jarin ƙaramin mai shago, ta hana ma'aikaci fita aiki. Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa lafiya matakin farko aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya. Amfanin kuɗin ga jarirai ya dogara da yawan ungozomomin da aka ɗauka, aka kuma biya su kan kari.