Dala 12 a kowane dare ba za ta kwashe sharar Maldives ita kaɗai ba

Tun daga 1 ga Janairun 2025, duk baƙon da ya kwana a manyan otal-otal na shaƙatawa a Maldives yana biyan dala 12 a kowane dare da sunan harajin muhalli, ninkin dala 6 da ake karɓa tun 2015. A ƙananan masaukai na tsibiran da jama'a ke zaune, kuɗin ya tashi daga dala 3 zuwa 6. Gwamnatin Mohamed Muizzu ta yanke wannan shawara ne a shekarar da dala ta yi wuya a baitulmali, Fitch da Moody's suka rage wa ƙasar maki kan iya biyan bashi, ga kuma bashin sukuk na dala miliyan 500 da aka sa wa wa'adin 2026. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai gane cewa ƙishirwar dala ce ta kawo ƙarin, muhalli kuwa ya ba da aron sunansa.

Ba a jayayya kan cewa ya kamata baƙo ya biya. Masu yawon buɗe ido sun haura miliyan 2 a 2024, a ƙasar da mazaunanta ba su wuce rabin miliyan da kaɗan ba. An saba ƙiyasta cewa baƙon otal yana tara shara kilo 3.5 a rana, ɗan ƙauyen tsibiri kuwa bai kai kilo ɗaya ba. Thilafushi, tsibirin juji da ke kusa da Male, babban birnin ƙasar, ruwa ne aka fara cikewa da shara a 1992, ya kuma yi shekaru yana fitar da hayaƙi. Ruwan daɗin da ke ƙarƙashin tsibiran siriri ne, yana kwance a kan na gishiri, don haka masai ya ɗan yi yoyo sai rijiyoyin unguwa su ɓaci.

Inda gizo ke saƙa shi ne irin aikin da kuɗin ke yi. Tun 2019 ake zuba harajin a Asusun Muhalli na ƙasa, an kuma shimfiɗa bututun ruwa da na bahaya a tsibirai da dama da shi. Shimfiɗa bututu aikin lokaci ɗaya ne, ana yanke kirtani a ɗauki hoto. Washegari ne hidima ke farawa. Famfon da ke tura ruwan ƙazanta yana cin wuta dare da rana, wutar kuma akasari daga janareton dizal take, dizal ɗin da jirgin ruwa ke kawowa. Iskar gishiri na cin ƙarfe. Kwalba da gwangwani da roba sai an tara su, an jira kwale-kwalen da zai ɗauke su, idan bai zo ba a banka musu wuta a bakin teku. A ƙasa mai tsibirai kusan 190 da ake zaune a kansu, da yawa mutanensu ba su kai dubu ba, kowanne na buƙatar nasa injin da nasa makaniki. Ɗan siyasa ya fi son ɗora wa baƙo haraji saboda baƙo ba ya jefa ƙuri'a, ya kuma fi son sabon gini a kan albashin mai kwasar shara. Sakamakon haka kuɗi na taruwa a Male, majalisar tsibiri kuwa tana rubuta takardar roƙon kuɗin gyaran famfo.

Sannan kuɗin baƙo ba shi da tabbas. A 2019 baƙi miliyan 1.7 suka shigo. Korona ta sa aka rufe iyaka daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Yulin 2020, adadin ya faɗo zuwa kusan 555,000, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mazauna tsibirai ba su daina shiga banɗaki ba a waɗannan watanni. Hidimar da ba ta hutu ko na yini ɗaya bai kamata a ɗora ta kacokan a kan kuɗin da annoba ko tsadar tikitin jirgi ke iya tsayarwa ba.

Tsibirin Boracay na ƙasar Filifin ya nuna ƙarshen wannan hanya. An yi shekaru ana karɓar kuɗin muhalli daga duk mai shiga, duk da haka masaukai da yawa ba su haɗa da magudanar bahaya ba, ƙazanta na kwarara cikin teku, har Shugaba Duterte ya rufe tsibirin na wata shida daga 26 ga Afrilun 2018.

Masu otal na cewa doka ta riga ta tilasta musu tace ruwan ƙazantarsu da kula da shararsu, don haka baƙonsu biya biyu yake yi, ƙarin kuma zai kore shi. Akwai ƙamshin gaskiya a rabin farko, sai dai baƙon yana sauka a filin jirgi, ma'aikatan da ke masa hidima kuma a tsibiran nan iyalansu suke. Batun kora kuwa, wanda ya biya ɗaruruwan daloli a ɗaki ba zai fasa tafiya kan dala 12 ba. Masu ƙananan masaukai irin na tsibirin Maafushi sun fi cancanta a saurare su, domin dala 6 ta fi nauyi a kan ɗaki mai araha, kuma a tsibirinsu ne baƙo da ɗan gari ke amfani da magudana ɗaya.

Abin da ya dace shi ne doka ta ware wani kaso na harajin ya tafi kai tsaye ga majalisun tsibirai don wuta da gyara da albashi, a ajiye wani don shekarar da baƙi suka ɗauke ƙafa, mazauna kuma su ci gaba da biyan nasu ɗan kuɗin wata, domin mai biya shi ke da bakin tambaya. Muddin majalisar dokokin Maldives ba ta yi haka ba, ninka harajin zai taimaka wa baitulmali wajen biyan bashi fiye da yadda zai tsabtace rijiyoyi.