Ƙofar Magani a Ƙarƙashin Fata

Shirinmu na yau ya shafi wata 'yar na'ura da likitoci suke dasawa a ƙirjin mai fama da ciwon daji, wadda ma'aikatan asibiti suke kira fot.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɗakin da ake ƙarin ruwan maganin daji ya san azabar neman jijiya: a ɗaure damtse, a bubbuga bayan hannu, a soka a rasa, a sake sokawa, ma'aikaciyar jinya tana cewa, "Sannu Baba, yi haƙuri, saura kaɗan," alhali ita kanta ta san jijiyoyin sun riga sun taurare. Sababin haka shi ne, waɗansu magungunan, irin su doksorubisin, jan nan da ake ba masu ciwon dajin nono, suna da zafin da ƙananan jijiyoyin hannu ba sa jure masa, kuma idan aka yi rashin sa'a maganin ya tsiyaya waje ya shiga nama, yana iya cin wurin ya bar gyambo mai wuyar warkewa.

Wannan wahala ce fot yake magancewa, kuma asalin hikimar yana da nisa. A shekarar 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa, kasadar da ta jawo masa zargi a lokacin, sannan ta jawo masa lambar Nobel a 1956. Bayansa aka sami bututun Broviac a 1973 da na Hickman a 1979, waɗanda suka yi amfani ƙwarai, illa dai bakinsu yana reto a waje bisa ƙirji, kullum ana fargabar datti. Sai a 1982 John Niederhuber da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka bayyana hanyar binne abin gaba ɗaya a ƙarƙashin fata.

Siffarsa kamar ɗan kurtun tawada ne, na ƙarfen titaniyam ko na roba, faɗinsa kimanin santimita 3, an toshe bakinsa da roba mai taushi, kuma daga gefensa bututu ya fita. Likita yakan kashe zafin wurin da allura, ya ɗan tsaga fata a ƙasan ƙashin da ya gitta tsakanin wuya da kafaɗa, ya zaunar da kurtun, sannan ya bi da bututun ta jijiyar wuya har ya kai babbar jijiyar da take zuba jini cikin zuciya, inda jini yake da yawa da saurin gudu, ta yadda magani yana shiga zai gauraye kafin ya yi wa bangon jijiya lahani. Galibi aikin ba ya wuce sa'a guda. Ranar karɓar magani, sai a laluba ɗan tudun da yatsa, a goge shi sarai, a soka wata allura ta musamman mai sunan Huber, wani likitan haƙori na birnin Seattle, wadda aka karkata bakinta don ta ratsa robar ba tare da ta ɓantare ta ba. Allurar yau da kullum ɓata na'urar take yi, saboda haka wajibi ne majinyaci ya hana duk wanda bai san aikin ba taɓa ta, komai kyawun niyyarsa.

Fa'idar da ta fi burge ni ita ce, da zarar ɗinki ya warke, mutum zai yi wankansa da alwalarsa, ya ja rigarsa ya shiga jama'a ba wanda ya san abin da ke ƙirjinsa, kuma ta nan ɗin ake iya ɗibar jinin gwaji. Sai dai kuɗin na'urar ba kaɗan ba ne, shi ya sa a asibitocinmu da yawa har yanzu hannu ne yake shan wahala.

Amma al'amarin yana da sharuɗɗa. Idan an daɗe ba a yi amfani da na'urar ba, akan wanke cikinta da ruwan gishiri na asibiti duk bayan mako 4 zuwa 8, gwargwadon umarnin likita, don kada jini ya daskare ya toshe ta. Kumburin hannu ko wuya ko fuska a ɓangaren da aka dasa ta yana iya zama alamar gudan jini. Mafi hatsari kuwa shi ne zazzaɓi, domin maganin daji yana rage ƙwayoyin jinin da suke kare jiki, ga kuma bututu da ya miƙe har bakin zuciya. Mu da muka saba ɗaukar kowane zafin jiki a matsayin zazzaɓin cizon sauro, mu aika yaro kemis, lalle ne mu sani cewa mai ɗauke da fot, idan ma'auni ya nuna digiri 38, ko ya kama rawar ɗari jim kaɗan bayan an wanke na'urar, asibiti za a nufa da shi nan take, ko da tsakar dare ne.