Kazar da Wuyanta Ya Murɗe Ba Kafso Take Jira Ba

Da zarar hunturu ya kama, magana ɗaya ke zagaya gidaje daga cikin garin Birnin Gwari zuwa Kuyello da Randagi: kaji sun fara haukacewa. Kaza ta wayi gari wuyanta a murɗe, baki na kallon sama, tana tangaɗi, ta yi ta zagaya wuri ɗaya har ta kife. Wasu su ce murar tsuntsaye ce ta dawo, wasu su ce iska ce ta buge ta, wasu su zargi bakin maƙwabta. Duk da wannan saɓani, magani ɗaya kowa ke nufa. A aiki yaro kemis ya sayo kafso ja da rawaya, a fasa a ruwa, a zuba barkono, a ɗura mata. In ba ta miƙe ba zuwa la'asar a kira mai wuƙa, sauran kuma a ɗaure a kai kasuwa tun ciwon bai nuna a jikinsu ba.

Abin ba ƙarami ba ne a yankin da satar shanu ta share garke bayan garke. A gidaje da yawa, musamman na waɗanda suka baro ƙauyukan bakin daji, kaji ne kaɗai dukiyar da ta rage a hannun mata. Da su ake sayen maganin yaro, da su ake fita kunyar baƙo.

Murɗewar wuya alama ce, ba ita ce cutar ba. Abubuwa uku ke riƙe kaza a tsaye: can cikin kunne inda jiki ke gane sama da ƙasa, ɓangaren ƙwaƙwalwa na ƙeya mai daidaita motsi, da jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa ƙafafu da fukafukai. Motar da ke karkata a hanyar Buruku, mai yiwuwa taya ce, mai yiwuwa sitiyari ne, mai yiwuwa direban ne barci ya kwashe, kuma makanikin da ya canza taya a dukkan ukun ya cuci fasinja. Haka take ga kaza. Kafin a taɓa magani sai an tambaya: nawa suka kamu, watansu nawa a duniya, wane lokaci ne na shekara, me suka ci, kuma an shigo da baƙuwar kaza kwanan nan?

Idan hunturu ne, kaji suna zubewa manya da ƙanana cikin 'yan kwanaki, suna gyangyaɗi, suna buɗe baki da ƙyar don numfashi, kashinsu kore mai ruwa, to babbar wadda ake zargi ita ce cutar Newcastle, wadda masu kiwo a wasu wurare ke kira fakat. An fara gano ta a tsibirin Jaba na Indonesiya a 1926, ta ɗauki sunanta daga garin Newcastle na Ingila, aka kuma tabbatar da ita a Ibadan a farkon shekarun 1950. Tun daga nan ba ta bar ƙasar nan ba. Takan ɓuya a jiki kamar kwana biyar ko shida kafin ta bayyana, wani lokaci har mako biyu, shi ya sa kazar da aka sayo tana sheƙi ranar kasuwa za ta iya shigo da ita. A akurkin da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kwashe kusan kowa. Murɗewar wuyan kan zo ne daga baya, sau da yawa a jikin 'yan kaɗan da suka tsallake mutuwar farko, bayan cutar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa.

A nan ne kafso ke ɓata wa masana rai. Abin da ke cikinsa maganin bakteriya ne, ita kuwa Newcastle bairos ke kawo ta, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa bairos ko an ɗura kwali guda. Mai kaji kan rantse cewa kafso ya tashi kazarta bara. Kazar ta tashi, gaskiya ne, amma ƙarfin jikinta ne ya tashe ta, kamar yadda wasu ke tashi a gidan da ba a ba da komai ba. Abin da kafson ya bari shi ne ragowar magani a nama da ƙwai, da ƙwayoyin cutar da suka saba da shi har su daina jin sa ranar da ɗan gidan zai buƙace shi. Barkono, toka da sassaƙen maɗaci ma ba su kashe bairos. Inda maganin bakteriya ke da amfani shi ne kaza ɗaya tilo mai karkata kai gefe guda saboda ciwo ya shiga cikin kunnenta, kuma ko nan malamin dabbobi ya kamata ya zaɓi irin maganin da yawansa.

Idan 'yan tsaki ne na mako biyu zuwa wata ɗaya suke faɗuwa suna wuntsilawa, manya kuma lafiya lau, a duba buhun abinci. Dusar da ta daɗe ko ta yi warin tsohon mai takan rasa bitamin E, rashinsa kuma yana lalata ɓangaren ƙwaƙwalwar nan mai daidaita motsi. Rashin bitamin B1 ke sa tsako ya zauna a kan gwiwa ya jefa kai baya yana kallon sama, rashin B2 kuma ya naɗe yatsun ƙafa ciki. Waɗannan suna jin magani idan an yi sauri: garin bitamin na kaji a ruwan sha, sabon abinci, ɗan dafaffen ƙwai. Kazar wata uku ko huɗu da ta shanye a hankali, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ta fi kama da cutar Marek, wadda ba ta da magani sai rigakafin da ake yi wa tsako ranar da aka ƙyanƙyashe shi.

Wuyan da ya saki laƙwas har kai ya kwanta a ƙasa, gashi na tugewa cikin sauƙi, labarinsa daban ne. Galibi kazar ta ci tsutsar mushe ne, ta kwashi guba mai kashe ƙarfin jijiya. Mushen da aka jefa bayan katanga shi ne sanadi. Haka kuma irin shuka da aka cuɗa da magani, da fiya-fiya da aka fesa a akurki don ƙuma, suna sa kaza rawar jiki da dalalar miyau cikin sa'o'i.

Akwai wata gubar da mutanen wannan yanki bai kamata su yi wasa da ita ba, tunda ana haƙar zinare a ƙasarsu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, agwagi suka fara ɓacewa kafin a gane cewa ƙurar dutsen zinare da ake daka a tsakar gida tana ɗauke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 hakan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Duk gidan da ake niƙa dutse, aka ga kaji da agwagi suna tangaɗi suna mutuwa, yaran gidan ne ya kamata a fara kaiwa asibiti.

Masu tsoron murar tsuntsaye ba su yi laifi ba. A jihar Kaduna aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka, a wata gonar kaji da ke Jaji a Fabrairun 2006, kuma ido ba ya iya raba ta da Newcastle, sai gwaji irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom. Saboda haka kajin da suka mutu da yawa farat ɗaya, tukku ya yi baƙi, fuska ta kumbura, ba a fige su, ba a ci. A binne da zurfi ko a ƙone, a sanar da ofishin dabbobi.

Mai murɗaɗɗen wuya da ake son ceto, a ware ta nesa da sauran, a sa ta a kwando da shimfiɗa, a riƙa ba ta ruwa da jiƙaƙƙen abinci da hannu kaɗan-kaɗan don kada ta shaƙe. Yawancinsu ƙishirwa ke ƙarasa su, domin baki ba ya iya samun kasko. Wasu kan warware, wasu su rayu da karkataccen kai.

Abin takaici shi ne rigakafin Newcastle yana nan, a gida ake yin sa, kuma ba shi da tsada. Cibiyar Vom tana sarrafa nau'in I-2, wanda aka samar a Jami'ar Queensland ta Ostareliya saboda kajin karkara, domin yana jure zafi fiye da sauran. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Ƙorafin cewa rigakafi na kashe kaji ya samo asali ne daga yin sa a makare: sai an ga gawa ake neman sa, alhali cutar ta riga ta shiga, shi kuma yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya gina kariya.

Da gwamnatin Kaduna ta sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024 bayan shekaru a rufe, mutane sun yi murna, kuma sun cancanci murnar. Sai dai hanyar da ta buɗe wa shanu ta buɗe wa kejin dillalan kaji, kuma hankalin hukuma kan tsaya ne ga manyan dabbobi. Kwalba ɗaya ta rigakafin tana isar gidaje da dama. Mace ɗaya a kowace unguwa, in an koya mata haɗawa da ɗigawa, za ta iya zagaye unguwarta a safiya guda cikin Oktoba, ta sake komawa a Janairu ko Fabrairu. Baƙuwar kazar kasuwa kuwa a tsare ta ita kaɗai mako biyu kafin ta shiga akurki.