Ƙara wa Injin Yankan Katako Ƙarfi: Riba ko Asara?

Idan mai sayar da injin yankan katako ya ce maka "an ƙara masa ƙarfi", to, ɗan kasuwa, dakata kafin ka zaro kuɗi.

Yawanci abin da bakanike ke yi shi ne ya faɗaɗa bakin salansa don hayaƙi ya fita da sauri, sannan ya murɗa kusoshin kafireta. Injin zai ƙara gudu da ƙara. Amma idan aka rage masa fetur fiye da kima, sai ya yi zafi, fistan ya goge silinda, injin ya ƙone. Ka tuna, irin wannan inji cikin fetur yake samun baƙin mansa. Kamfanin Stihl na Jamus ya ce a zuba mililita 100 na mansa cikin lita 5 ta fetur. Kuma injin da aka taɓa ba shi da garanti.

Kafin ciniki, sa a cire salansa a duba fistan. In akwai zane, bar shi. Wasa sarƙa da wanke matatar iska sun fi arha, aikinsu kuma ya fi ɗorewa.