Wayar Salula da Zubin Labari

A cikin Shaihu Umar (1934) na Abubakar Tafawa Balewa, uwa ta ratsa Sahara neman ɗanta domin ba ta da hanyar jin labarinsa. Wannan rashin labari shi ne ƙashin bayan zubin littafin.

A kai irin labarin unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala. Kafin layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, bafatake kan daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Da salula ta fara yaɗuwa a Kamaru wajen 2000, kira ɗaya ya isa warware ƙullin. Ke nan sai marubuci ya nemi dalilin rabuwa a halin ɗan Adam: kunya, bashi, fushi. Waɗannan ba sa tsufa.