Buge mai tafiya a ƙasa da mota da gangan: abin da doka ta tanada

A Hunƙuyi ko Kudan da ke Jihar Kaduna, idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa, mutane kan ce tsautsayi ne, dangi su zauna a sasanta. Amma idan direba ya saita mutum da gangan, ko don rikicin gona ko na siyasa, doka tana ɗaukar motar a matsayin makami.

Dokar laifuffuka ta Jihar Kaduna ta 2017 ta raba laifin gwargwadon niyya da ɓarnar da aka yi. Karaya, rasa ido ko wata gaɓa mummunan rauni ne, hukuncinsa ɗauri. Idan aka tabbatar direban kisa ya nufa amma mutumin ya tsira, yunƙurin kisa ne. Idan ya mutu, tuhumar kisan kai ce, wadda hukuncinta zai iya zama kisa. Babbar kotu ce ke sauraron wannan shari'a, bayan 'yan sanda sun miƙa fayil ga Ma'aikatar Shari'a. Yafewar dangi ba ta soke tuhumar kisa.

Wahalar tana wajen tabbatar da niyya. Alƙali zai duba ko an taɓa yin barazana, ko direban ya bar hanya ya bi mutumin, ko ya taka birki. A nan shari'o'i ke lalacewa, domin maƙwabtan da suka gani kan ƙi zuwa shaida saboda zumunci, wanda aka zalunta ya rasa mai tsaya masa. Takardar likita ma hujja ce babba, kuma wanda aka raunata na da ikon neman diyya a kotu.